Sai da Muka Cika Mu Huɗu Sannan Muka Sauka a Toronto

Tambayoyin da jami'ar shige da fice ta yi mini a filin jirgin saman Pearson na Toronto ba su fi shida ba, amma ɗaya daga ciki har yau tana kunnena. Ta ɗago kai ta dube ni, ta dubi yaron da ke goye a bayana, ta ce: ban da waɗannan da aka rubuta a takardar nan, kina da wani ɗa ko wani da ke ƙarƙashinki? Na ce babu. Kafin in samu bakin faɗar wannan kalma da gaskiyata, sai da muka yi wata goma sha ɗaya muna jira, maigidana ya sayar da filinsa, ni kuma na rabu da rabin gwal ɗin aurena.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara bakwai ina aiki a wani asibiti a Kano. Mun daɗe da shiga tsarin Express Entry, inda gwamnatin Kanada ke jera masu neman zama na dindindin bisa maki, daga shekarun mutum da karatunsa da Turancinsa da daɗewarsa a aiki. Na zana jarrabawar Turanci ta IELTS sau biyu, cibiyar WES mai auna takardun karatun ƙasashen waje ta tantance nawa, amma makina ya tsaya a 465, alhali ana ɗaukar mutane ne daga wajen 480 zuwa sama. Ko wannan 465 ɗin ma, 15 daga ciki albarkacin Yayana ne da ke zaune a birnin Kalgari na Kanada, don ana ba mai ɗan'uwa na jini a can wannan ƙarin. Sai a 2023 suka fara ware wasu sana'o'i suna yi musu zaɓe na daban. Ranar 6 ga Yuli aka gayyaci ma'aikatan lafiya 1,500, aka yanke a maki 463. Da maki biyu na tsallake.

Daga ranar gayyata kwana 60 ake ba mutum ya haɗa komai. Takardar shaidar hali daga 'yan sanda, wasiƙar wurin aiki mai bayanin aikin da kake yi da awannin mako da albashi, wasiƙar banki, fasfo, takardar aure, takardar haihuwar 'yarmu mai shekara huɗu. Kuɗin duba takardu a lokacin dala 850 ne na Kanada ga kowane babba, da wata dala 515 ta haƙƙin zama, yaro kuma dala 230. Duk wannan mun yi shi a guje ba tare da wata tangarɗa ba. Inda tafiyar ta sauya hanya shi ne wajen gwajin lafiya a cibiyar IOM, wato hukumar ƙaura ta duniya, da ke Abuja, farkon watan Agusta.

Ina da cikin wata uku da 'yan kwanaki. Ƙa'idarsu, duk wanda ya kai shekara 11 sai an ɗauki hoton ƙirjinsa saboda tarin fuka. Likitar ta zaunar da ni ta ce zaɓi biyu ne: ko a rufe cikin da rigar kariya a ɗauka, ko a ɗage sai na haihu, amma in sani takarduna ba za su kammala ba sai an yi. Aikina ne, na san hasken hoton ƙirji guda ɗaya kaɗan ne ƙwarai. Sai dai shekara biyu kafin nan na yi ɓari a wata na huɗu, kuma wadda ta taɓa ganin wannan jinin ba lissafin littafi take yi ba. Ga kuma wani lissafin da na yi a zaune a gabanta: su wata shida suke cewa suna gama yawancin takardu, wata shida daga Agusta kuwa Fabrairu ne, daidai lokacin haihuwata. Ko bizar ta fito, babu jirgin da zai ɗauki mai cikin wata tara. Na fito waje na gaya wa maigidana. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Abin da hankalinki ya kwanta da shi, shi za a yi." Aka ɗage.

Mutane da yawa sun ga wautata. Suna cewa da na daure wataƙila bizar ta fito da wuri, in je in haihu a can, yaro ya zama ɗan ƙasa tun ranar da ya faɗo. Gaskiya ne dokar Kanada haka take. Amma wannan wataƙila ce, ni kuma ba zan ɗora ɗana a kan wataƙila ba.

Muka tura komai, aka aiko da saƙon cewa an karɓa, muka je ofishin VFS, kamfanin da ke karɓar takardun biza, a Abuja aka ɗauki zanen yatsunmu da hoto a kan dala 170 na iyali. Daga nan sai shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Wanda bai yi irin wannan jiran ba zai ɗauka zama ne kawai. A shafin IRCC, wato hukumar shige da ficen Kanada, akwai 'yan layuka da ke nuna inda takardarka take: cancanta, lafiya, zanen yatsu, binciken tsaro. Na san sarai layin lafiyata ba zai motsa ba sai na haihu, amma kullum bayan sallar asuba sai na buɗe, in na tashi daga aiki in sake buɗewa. Muna da wani zaure a WhatsApp na ma'aikatan jinya da aka gayyata lokaci ɗaya, an yi jadawali kowa ya rubuta ranar da aka karɓi takardunsa. Tun daga Nuwamba aka fara saka kore a gaban sunaye. Kowace ta samu sai in yi mata barka da zuciya ɗaya, in kife wayar in yi tagumi. A Disamba Yaya ya nemo mini bayanan cikin fayil ɗina, waɗanda ake kira GCMS. Wanda ke zaune a Kanada yana iya nema maka da izininka a rubuce, dala 5 ake biya, a jira kamar wata guda. Da suka zo na ga jami'in da ya duba ya amince da aikina da karatuna, abin da ya rage lafiya ce kawai. Daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Duk wanda jiran ya yi masa tsawo ina ba shi shawarar ya nemi waɗannan bayanai, sun fi masa jita-jitar zaure sau dubu.

Ƙarshen Janairun 2024 na sauka lafiya, namiji. Ana hidimar suna, gida cike da mata, ni kuwa hankalina yana kan lissafi. Abin da gwamnatinsu ta gindaya a lokacin, iyali mai mutum uku ya nuna dala 21,055, mai mutum huɗu kuma 25,564. Da a ce naira tana inda muka bar ta, ƙarin ba zai gagare mu ba. To amma tun Yunin 2023 da Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa take gangarowa, zuwa Fabrairun 2024 dalar Amurka ɗaya ta haura naira 1,500. Kuɗin da muka nuna a Agusta, wajen naira miliyan 12, ya ishi mutum uku a wancan lokacin. Yanzu ana maganar kusan miliyan 28. Ba mu taɓa ko kwabo a asusun ba, amma ya koma bai kai rabin abin da ake nema ba. Babban kuskurenmu a duk wannan tafiya shi ne barin kuɗin a naira maimakon mu mayar da su dala tun farko.

A wannan ƙuncin ne shawarwari suka fara zuwa. Wani ya haɗa maigidana da masu zuba wa mutum kuɗi a asusu na 'yan makonni, a buga takardar banki, su janye abinsu da riba a kai. Bai ko saurari ƙarshen bayanin ba. Ban da haramcin ribar, ƙa'idar ta fito fili cewa kuɗin ba za su zama na aro ba, kuma wasiƙar bankin tana nuna matsakaicin abin da ke cikin asusun na wata shida, don haka miliyoyin da suka faɗo dare ɗaya sai an faɗi daga inda suke.

Ta biyun ita ce ta tsaya mini a rai. Wata daga cikin zauren ta biyo ni ta gefe, kuma na yarda da nufin taimako ta zo. Ta ce tunda mutum uku aka san mu, in rubuta musu cewa cikin ya zube, in bar yaron wajen Hajiya, in mun zauna da gindinmu mu nema masa takarda. Ina zaune a bakin gado bayan wankan yamma, ɗakin yana ƙamshin ganyen darbejiya da turaren wuta, yaron yana kan cinyata yana tsotso, hannunsa ɗaya ya riƙe bakin rigata. Na karanta saƙon sau biyu, jikina ya ɗauki rawa. Ni da na san yadda zubewar ciki take, a ce in rubuta da hannuna cewa wannan da ke numfashi a jikina babu shi?

Ko da mutum ya cire tausayi, wannan shawara halaka ce. A dokar Kanada, ɗan da ba ka bayyana shi aka duba lafiyarsa kafin ka zama mazaunin dindindin ba, ba a ƙidaya shi cikin iyalin da za ka iya ɗauko wa takarda daga baya. Idan kuma aka gano ka ɓoye, laifin ƙarya ne da ke iya janye zaman naka gaba ɗaya, a hana ka shiga ƙasar shekara biyar. Ko da iyaye sun yanke shawarar barin yaro a gida na ɗan lokaci, hanyar ita ce a bayyana shi, a yi masa gwaji, a rubuta cewa ba zai biyo yanzu ba. Haka abin yake ga wanda ya yi aure ko ya rabu da matarsa yana cikin jira. Na ga samari a zauruka suna tambaya ko su ɓoye ɗaurin aurensu don kada a jinkirta su, kuma duk lokacin da na gani sai na yi magana, ko da za a ce na cika shisshigi.

Maigidana ya sayar da filin da ya saya tun kafin aurenmu, wanda yake cewa nan zai gina mana gida. Ni na ɗauki sarƙa da awarwaro huɗu na kai kasuwa, Hajiyata ta raka ni, ba ta ce uffan ba har aka gama awo aka ƙirga kuɗi. A cikin adaidaita muna dawowa ta ce, "'Yar nan, ai dama don rana irin wannan ake ajiye shi." Muka adana takardar cinikin filin da rasiɗin gwal ɗin, muka haɗa da wasiƙar bayani, kuɗin kuma wannan karon asusun dala suka shiga.

Ina yin arba'in muka koma Abuja. Aka ɗauki hoton ƙirjina, abin da bai kai minti biyar ba. Tun makon haihuwa na riga na sanar da IRCC ta fom ɗinsu na intanet, suka aiko da jerin abin da suke so: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, fasfon yaron, wanda shi ma sai da lambar NIN, sababbin fom na iyali, dala 230, sabuwar shaidar kuɗi, da gwajin lafiyarsa. Nasa gwajin dubawa ce kawai, an auna nauyi da kai, an saurari ƙirji. Muka tura duka ana saura kwanaki a kama azumi. Ramadan ɗin nan ban roƙi Allah Kanada ba, zaɓinsa na roƙa, don na kai inda ban san wanne ne alheri ba.

Saƙon ya shigo wata Talata a watan Mayu, bayan la'asar, ina shanya kayan yaro. Wayar ta yi ƙara a kan taga, na goge hannu a zani na duba. An ce mu miƙa fasfunanmu cikin kwana 30. Na zauna a kan turmi ina karantawa ina sakewa, ina ƙirga sunayen: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na kira maigidana a wurin aiki na kasa magana, sai shi ne yake ta cewa, "Lafiya? Yaron ne?"

Hoton da suke so yana da ƙa'ida: faɗi milimita 50, tsawo 70, farin bango, a rubuta sunan mai hoto da adireshinsa da ranar ɗauka a baya. Na manya ba wuya. Na ɗan wata uku da rabi kuwa sai da muka shimfiɗa farin zani a ƙasa muka kwantar da shi, mai hoton ya hau kujera yana ɗauka daga sama, yayarsa tana kaɗa masa makullai don ya buɗe ido, ni ina gefe na ɓoye hannuna don kada ya fito. Ɗauka ta goma sha wani abu ce ta yi.

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki fasfunan suka dawo. Kowanne da biza ta shiga sau ɗaya, kowa kuma da takardarsa ta tabbatar da zama na dindindin, wadda ake kira COPR, da hotonsa a jiki. Abu uku na koya game da ita. Ba a sa mata hannu a gida, sai a gaban jami'i. Dole a bi ta harafi-harafi, suna da ranar haihuwa da lambar fasfo, don gyara kafin tafiya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan tana da ranar ƙarewa, wadda yawanci ke bin cikar shekara guda da gwajin lafiya ko ƙarewar fasfo, duk wanda ya riga. Tamu ta nuna farkon Agusta, wato wata biyu ke gare mu. Sai a ranar na rubuta takardar ajiye aiki. Kafin nan duk matsin da aka yi mini in ajiye in huta ban yarda ba, kuma har gobe ina ganin kada kowa ya saki aikinsa sai fasfo ya dawo hannunsa.

Muka yi Babbar Sallah a gida, muka shiga sallama. Na rubuta jeri biyu, na kayan da ke hannunmu da na waɗanda za su biyo baya, kowanne da kimar kuɗinsa, don abin da ka rubuta a ranar sauka shi ne zai shigo daga baya ba haraji. Ragowar gwal ɗina na ɗauki hoton kowane guda na liƙa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu, duk na ɗaure a leda mai haske na rubuta sunansu. Surukata ta zo da ƙunshin kilishi mai yawa na rakiya. Nama ba ya shiga Kanada daga wajenmu, amma ban iya ce mata a'a ba. Muka karɓa da godiya, muka ci a jirgi, muka raba wa maƙwabtan kujera, kafin mu isa babu ko ɓarɓashi.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya zuwa Kanada. Daga filin Malam Aminu Kano muka bi ta Adis Ababa, muka sauka Toronto da safe a farkon Yuli. Duk da cewa Kalgari za mu, a filin da ka fara taka ƙasar ake yin komai, shi ya sa na bar tazarar awa shida tsakanin jiragen biyu. Da sunana aka nemi zaman, don haka dole in riga su shiga ko mu shiga tare, maigidana ba zai iya yin gaba shi kaɗai ba.

Farko na'ura ce, ka saka fasfo, ta ɗauki hotonka, ka amsa tambayoyin kwastan. Na amsa e a wajen abinci, na amsa e a wajen kuɗin da suka kai dala 10,000. Ba a karɓar ko sisi a kansu, faɗa kawai ake so, ɓoyewar ce laifi. Daga nan aka nuna mana wani zaure na sababbin zuwa. Mutane cike, Indiyawa, 'yan Filifin, ɗalibai da jakunkunansu, wata tsohuwa a keken marasa lafiya. Mun yi fiye da awa ɗaya. Yaron ya fara kuka, na kwance mayafi na goya shi irin na gida, ina jijjiga shi a layi har ya yi barci, 'yarmu kuma ta kwanta a kafaɗar babanta.

Da aka kira mu na ajiye fasfo huɗu da takardu huɗu a kan kanta. Jami'ar ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana haɗa hoto da fuska. Da ta zo kan na yaron sai na juya mata baya don ta gan shi, ta leƙo ta yi murmushi. Ta tambayi nawa muka shigo da shi, na faɗa, na miƙa takardar banki, ta duba ta maido. Ta tambaya ko an taɓa kama ɗayanmu da laifi a wata ƙasa, ko an taɓa hana mu shiga Kanada. Sannan ta yi waccan tambayar. Na ce babu, kuma muryata ba ta yi rawa ba. Ta nemi adireshin da za a aiko da katin zama, na ba ta na Yaya. Wanda bai da adireshi a ranar ana ba shi kwana 180 ya aika. Ta nuna mini inda zan sa hannu a tawa da ta yaran biyu, maigidana ya sa a tasa, ta rubuta ranar, ta ja layi a kan bizar tunda ta gama aikinta. Ta ce mu adana takardun nan har abada, za a neme su ranar neman zama ɗan ƙasa, har ma da lokacin fanshon tsufa. Ta yi mana barka da zuwa. Duka-duka bai fi minti goma sha biyar ba.

A wajen kwastan suka buɗe jakar abincin, jami'in ya ɗaga ledar daddawa ya tambayi mene ne, na ce 'ya'yan itace ne da ake dafawa a bari su ruɓa don miya. Ya tambaya ko akwai nama ko madara, na ce babu. Ya buga hatimi a jerin kayanmu ya ba mu kwafi. Muka samu wani lungu kusa da ƙofar jirginmu na biyu muka yi sallah, maigidana ya daɗe a sujada.

Awa huɗu ne zuwa Kalgari. Yaya yana tsaye da matarsa, shekara shida rabona da shi. Ya karɓi yaron daga hannuna kafin ma ya amsa gaisuwata. Ranar sai wajen ƙarfe goma saura na dare muka yi magariba, rana ta ƙi faɗuwa. Washegari ya kai mu ofishin Service Canada da fasfo da COPR, aka ba kowannenmu lambar SIN mai lamba tara, wadda ba a aiki ba a karɓar albashi sai da ita. Muka buɗe asusun banki, muka yi rajistar katin lafiya na Alberta, lardin da Kalgari take. Aikin jinya kuwa wata doguwar hanya ce daban, sai hukumar ma'aikatan jinya ta lardin ta tantance ni na ci jarrabawar NCLEX, kuma a kanta nake har yanzu.

Katunan sun iso bayan wasu makonni, kowanne a ambulan ɗinsa. Shekara biyar suke yi, kuma a cikin biyar ɗin sai mutum ya zauna kwana 730 a ƙasar kafin zamansa ya ɗore. Na yaron ne ya zo ƙarshe, kwana uku bayan namu, kwana ukun da na yi ina sauka wajen akwatin wasiƙu sau biyu a rana. Da na buɗe sai ga hoton nan na kan farin zani, ido a buɗe tar, yana kallon makullan da yayarsa ke kaɗawa. Na ɗauka a waya na tura wa Hajiya. Can cikin dare saƙon muryarta ya shigo, ana jin kiran asuba a bayanta, tana cewa a shafa mata kansa, kuma in tabbata ina sa masa hula ko da ana zafi.